Ruwan Sha da Raya Karkara: Misali Daga 'Yankwashi da Maƙwabtanta



Gabatarwa

Na san ba za a rasa wanda zai ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen famfo da bututu ba. Amsar ita ce, aikin ruwa injiniya ne ke tsara shi, amma mutanen gari ne ke zama da shi bayan injiniya ya naɗe taswirarsa ya tafi. Idan kuwa ba a bayyana musu yadda abin yake da harshen da suke ji ba, to, za su riƙa kallonsa kamar kayan aro, ranar da ya lalace su koma tafkinsu na da. Saboda haka abin da nake nufin yi a wannan lacca shi ne in bayyana, da Hausa, hanyoyin da ake bi kafin ruwa mai tsabta ya iso bakin famfo, da dalilan da ke sa ya ɗauke bayan ya zo.

Zan ɗauki misalina daga ƙaramar hukumar 'Yankwashi, wadda hedkwatarta ke Karkarna, tare da maƙwabtanta, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Na zaɓi wannan yanki ne domin a cikin ɗan taƙin nan ana samun irin ƙasa biyu, ta dutse da ta rairayi, kuma kowace da irin wahalarta wajen neman ruwa.

Yadda Bahaushe ya san ruwa

Kafin zuwan injiniya, Bahaushe yana da ilminsa na ruwa, kuma harshensa shaida ne. Ya bambanta kogi da gulbi da rafi da ƙorama. Ya san tafki, ya san kududdufi, watau ramin da aka ɗebi ƙasar gini ruwan sama ya taru a ciki. Ya san idon ruwa da marmaro, ya san fadama inda ruwa ke kusa. Yana auna zurfin rijiya da gaba, yana da masu sana'ar haƙa ta da masu yasar ta idan ta cushe. Har unguwanni ya sa wa suna da ita, kamar Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki a Kano. Da ya ce, "Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba," ya faɗi abin da masana kimiyyar ƙasa suka zo suka tabbatar, ko da yake za mu ga cewa ba ko'ina ne tonon ke biya ba.

Labarin da muka gada na rijiyar Kusugu ta Daura, wadda ba ta da nisa da ƙasar da muke magana a kanta, shi ma yana da darasi. An ce maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma wanda ya buɗe musu rijiyar shi ya auri sarauniya, zuriyarsa suka yi sarauta. Ko mene ne masana tarihi za su ce game da labarin, ya nuna cewa tun da can mutanenmu sun ɗaura cancantar shugaba a kan iya shayar da jama'a. A addini ma haka abin yake. Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mai da ita waƙafi, Zubaida matar Haruna Rashid kuma ta kashe dukiya mai yawa wajen jawo ruwa zuwa Makka saboda mahajjata.

Ƙasar da muke magana a kanta

Abu biyu ne ke yanke hukunci a kan ruwan kowane gari: abin da ke saukowa daga sama, da abin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa.

Game da sama, damina a wannan yanki gajeriya ce. Yawancin ruwan yakan sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, kuma a shekarar da aka saba yakan kama tsakanin milimita 600 da 800. Sauran watanni takwas ana cin abin da aka adana ne, ko a tafki, ko a madatsa, ko a cikin ƙasa. Ga kuma zafin rana da iskar hunturu, waɗanda kan shanye kusan mita 2 daga saman duk ruwan da ke a buɗe cikin shekara guda. Wannan shi ne dalilin da ya sa tafki marar zurfi ba ya ganin bazara. Ba kuma kowace shekara ce ke cika alkawari ba. Dattawa sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu kuma sun ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984.

Game da ƙasa, wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Roni ya ga duwatsu a jere. Waɗannan alama ce ta tsohon dutse mai tauri wanda ke shimfiɗe a ƙarƙashin Kazaure da Roni da Gwiwa. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa kamar yadda rairayi ke sha. Ruwan da ke cikinsa yana maƙale ne a wuri biyu kawai, watau cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama, da cikin tsagogin da ke can ƙasa. Saboda haka ana iya haƙa rijiya a nan a sami ruwa, a matsa taku ɗari a haƙa wata a tarar da ƙura. Amma idan aka nausa gabas, wajen Babura zuwa Gumel da Haɗeja, sai dutsen ya riƙa nutsewa ƙarƙashin shimfiɗun rairayi da yumɓu na kwarin tafkin Cadi. A can ruwa yana kwance a yalwace tsakanin ƙwayoyin rairayi, sai dai a wasu wurare yana da zurfi. 'Yankwashi tana kusa da inda waɗannan iri biyu suka haɗu, don haka dabarar da ta yi aiki a wannan ƙauye ba lalle ba ne ta yi a na kusa da shi.

Taƙaitaccen tarihi

Ruwan famfo ya fara shigowa wannan ɓangare na ƙasar Hausa ne ta birnin Kano, inda aka buɗe aikin ruwa da lantarki a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. En'e ce ta biya daga baitulmalinta, ana ɗebo ruwan daga kogin Challawa, a tura shi tanki a Goron Dutse, daga nan ya gangaro gari. Ƙauyuka kuwa rabonsu a wancan zamani shi ne rijiyoyin da aka ɗaure da siminti, waɗanda ake kira kwakware.

Babban sauyi ya zo ne zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin da Kazaure da Haɗeja da Gumel duk suna cikinta. Shi ya ɗauki manufar tare ruwan damina da madatsu. An gina Bagauda a 1970, aka gama Tiga a 1974, garin Kazaure ya sami madatsar Muhammadu Ayuba a tsakiyar shekarun 1970, sa'an nan Tomas ta biyo baya a 1976, aka kuma datse kogin Gari wajen 1980. A 1976 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Daga nan sai aka juya ga rijiyar burtsatse. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin ruwan sha da tsabta, hukumar KNARDA ta Jihar Kano ta haƙa rijiyoyi masu famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyuka da rancen Bankin Duniya, hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 ita ma ta yi nata. Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, sai aka raba aikin gida uku: Hukumar Ruwa ta Jiha tana kula da manyan garuruwa, STOWA tana kula da ƙananan garuruwa, RUWASA kuma tana kula da ƙauyuka. A 'yan shekarun nan famfo mai aiki da hasken rana ya yawaita, ya rage dogaro da man gas.

Wannan tarihi ya nuna cewa ba yau aka fara haƙa ba. Tambayar da ta kamace mu ita ce, ina rijiyoyin da aka haƙa jiya?

Matakan aikin injiniya

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Injiniya ba ya fara haƙa sai ya san mutum nawa zai shayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a rana, domin sha da girki da ɗan wanke hannu, lita 20 ne, kuma sai an kai wajen lita 50 kafin wanka da wanki su wadata. Bari mu yi lissafi. Gida mai mutum 10 yana bukatar lita 200, watau jarka 8 masu cin lita 25. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, ke nan kullum sai an ɗauko kilo 200 an kawo gidan, kuma mun san galibi yara ne ke ɗaukar wannan kaya, musamman 'yan mata. Ƙauye mai mutum 2,000 yana bukatar lita 40,000 a rana. Ba a sa dabbobi ba tukuna, alhali saniya ɗaya takan sha wajen lita 30 da bazara. Har ila yau dole ne a tuna da gobe, domin jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara takan ninka cikin shekara 24. Ƙidayar 2006 ta ba 'Yankwashi mutum fiye da 95,000, kowa kuma ya san ba a nan aka tsaya ba. Aikin da aka yanka daidai da jama'ar yau, kamar rigar da aka ɗinka wa yaro ce cif-cif, baɗi ta matse shi.

Mataki na biyu shi ne neman ruwan. A ƙasar dutse ana yin awo da wata na'ura wadda ke tura lantarki cikin ƙasa ta wasu ƙarafa da aka kafa. Busasshen dutse yana tare lantarki, jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse kuwa yana barin sa ya wuce, daga nan masani ke gane inda ya fi dacewa a haƙa. Kuɗin wannan awo kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin haƙa. Amma sau da yawa shi ake fara yankewa, ko kuwa a yi awon, sa'an nan a ce rijiyar ta koma ƙofar gidan wani mai faɗa a ji. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa bai san ƙofar gidan kowa ba.

Mataki na uku shi ne haƙa da ɗaurewa. Bayan injin ya huda ƙasa, sai a zura bututu, a sa mai huda-huda kamar rariya daidai inda ruwan yake, a zuba tsakuwa wankakkiya a kewaye domin ta tare rairayi. Sa'an nan a toshe saman ramin da siminti har zurfin wasu mitoci, don kada ƙazantar sama ta bi jikin bututun ta gangara. A bakin rijiyar a yi daɓe mai gangare da magudanar da za ta kai ragowar ruwa nesa. Kafin a karɓi aikin dole ne a yi gwaji, watau a yi ta jan ruwa sa'o'i masu yawa a jere, ana auna yadda yake sauka da yadda yake komowa. Wannan gwaji shi ke nuna girman famfon da rijiyar za ta iya ɗauka. Idan aka sa mata famfon da ya fi ƙarfinta, zai zuƙe ruwan ya koma zuƙar iska, ya ƙone. Ya kamata kuma a lura da lokaci, domin rijiyar da aka gwada a Satumba tana iya ba da kunya a Afrilu.

Mataki na huɗu shi ne ɗagowa da adanawa. Famfon tuƙa-tuƙa guda, irin su India Mark II da Afridev, an ƙiyasta shi ne ga mutum 250, ke nan ƙauyenmu mai mutum 2,000 yana bukatar guda 8. In kuwa an dace da rijiyar da ke ba da lita 2 a daƙiƙa, watau lita 7,200 a sa'a, to, famfo mai aiki da hasken rana zai ɗago lita 43,200 cikin sa'a 6, ya ishi ƙauyen duka. Sai dai a ƙasar dutse rijiyoyi da yawa ba sa kai rabin haka, shi ya sa ake haɗa biyu ko uku su zuba a tanki ɗaya. Tankin kuma ana ɗora shi bisa hasumiya ne saboda dalili biyu. Na ɗaya, ruwa ba ya hawa sama da inda ya fito, tsawon hasumiyar shi ke ba shi ƙarfin isa ƙarshen gari. Na biyu, rana tana aiki da tsakar rana ne, mutane kuwa sun fi ɗiba da safe da yamma, tankin shi ke riƙe ruwan tsakanin lokutan nan.

Mataki na biyar shi ne tacewa, kuma ya fi shafar ruwan madatsa irin na Kazaure. Ruwan da ya kwaranyo ta gonaki da makiyaya yana ɗauke da laka da ƙwayoyin cuta. A gidan ruwa ana fara zuba masa alif, wanda ke sa ƙwayoyin laka su dunƙule su yi nauyi. Sai a bar shi ya kwanta a manyan kwamaye, lakar ta zauna a ƙasa. Sai a bi da shi ta cikin rairayi da tsakuwa ya tace. Daga ƙarshe a sa masa sinadarin kulorin, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta, a kuma bar ɗan saura a cikinsa, kimanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, domin ya yi gadin ruwan a kan hanya. Ɗan warin da mutane ke ji a ruwan famfo har su ƙi shi, shi ne mai gadin. Dabarar kwantar da laka ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin dakakkun 'ya'yan zogale suna yin irin aikin alif, ko da yake ba sa maye gurbin kulorin ko tafasawa.

Mataki na shida shi ne rabawa. A nan akwai wani haɗari da ba kowa ya san shi ba. Muddin bututu yana cike, in ya fashe ruwa ne ke fita. Amma idan aka ɗauke ruwa, bututun ya zama wayam, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wurin fashewar. In kuwa ta cikin lambatu aka bi da shi, kamar yadda muke gani a garuruwanmu, to, ruwan farko da zai zo bayan an maido shi yana tafe da ƙazantar lambatun. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ruwa da lafiya

A littattafan fiƙihu da muka fara da su, an koya mana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan hukunci ne na tsarki domin ibada, kuma yana nan daram. Amma tsabtar sha wani abu ne dabam, domin ruwa yana iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali yana ɗauke da ƙwayar da ido ba ya gani. Wani likita Bature, John Snow, shi ya nuna haka a Landan a 1854, lokacin da ya bi gidajen waɗanda kwalara ta kashe, ya tarar galibinsu daga famfo ɗaya suke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Mu ma ba mu tsira daga wannan cuta ba. A 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Amma akwai labari mai daɗi. Binciken 1988 ya tarar da fiye da mutum 650,000 masu fama da kurkunu a Nijeriya. Cutar ba ta da allura ba ta da ƙwaya. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon shiga tafki aka yaƙe ta, har aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013. Yaran yau ba su ma san ta ba, sai a bakin kakanninsu.

Haka nan a watan Oktoba na 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili. Wannan abin alfahari ne, amma ya zo da sabon nauyi, domin yawan masai kusa da rijiya shi ma haɗari ne. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

Madatsu su ma suna da nasu lahani. Ruwan da ke tsaye yana tara dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, laka tana cike cikin madatsa sannu a hankali idan aka sare itatuwan da ke bisanta, kuma mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda sauyin tafiyar kogi bayan Tiga da Challawa ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Injiniyan kirki yakan tambayi kansa, wa zai sha, wa kuma zai rasa a can ƙasa?

Me ke kashe famfo?

Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga famfon da ya mutu, awaki na kwance a kan daɓensa. Sau da yawa rijiyar tana nan da ruwanta, abin da ya lalace ɗan ƙaramin abu ne, roba ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko an sace wayar farantan hasken rana. Nan ne karin maganar nan ta cika, rijiya ta bayar guga ya hana.

Dalili na farko shi ne, an fi son sabon aiki a kan gyara. Sabuwar rijiya ana buɗe ta da kiɗa, a rubuta suna a jikin tankinta. Gyaran tsohuwa kuwa babu mai yi masa biki, alhali kuɗin haƙa guda ɗaya zai tada matattu da yawa.

Dalili na biyu yana cikin bakinmu. Muna cewa "famfon Gwamnati", ko mu kira shi da sunan wanda ya ba da kwangilarsa. Rijiyar da kakanninmu suka haƙa da gayya kuwa "rijiyarmu" ce, kuma ba a taɓa jin an aika wa hakimi takarda ana roƙon ya zo ya sayi guga ba. Abin da ba a kira shi namu ba, ba za a gyara shi da kuɗinmu ba.

Dalili na uku shi ne ɗaukar cewa ruwa kyauta ne. Gaskiya ne ruwa baiwar Allah ce, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2010 cewa samunsa hakki ne na kowane ɗan Adam. Amma bututu da famfo da ladan mai gyara ba daga sama suke saukowa ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Abin lura kuma shi ne, talakan da ake cewa ba zai iya biyan kuɗin gyara ba, shi ne ke sayen jarka wurin ɗan garuwa ranar da famfo ya mutu, da tsadar da ta ninka abin da zai bayar a asusun gyara.

Shawarwari

Ga ma'aikatan ƙananan hukumomi da na jiha, shawarata ta farko ita ce kowace ƙaramar hukuma ta ajiye rajistar rijiyoyinta: inda kowace take, zurfinta, abin da ta bayar ranar gwaji, irin famfonta, da ranar da aka gyara ta. Ta biyu, kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai ya kawo takardar awo da ta gwaji da ta binciken tsabtar ruwan. Ta uku, a ware kason gyara a cikin kasafi kafin a ware na sabon aiki.

Ga jama'ar gari, kwamitocin ruwa da tsabta da ake kafawa a ƙauyuka su zama na gaske, da asusu, da littafi, da karanta lissafi a bainar jama'a. A sa mata a ciki, domin su ne suka fi kowa sanin ranar da ruwa ya fara canja ɗanɗano. A koya wa samari biyu ko uku gyara, a kuma tabbatar ana samun kayan gyaran a kasuwar Kazaure ko ta Babura, ba sai an je Kano ba. Kada kuma a raina ruwan sama. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka rufin makaranta mai murabba'in mita 100, a shekarar da aka sami milimita 700, yana zubar da lita 70,000. Ko an rasa kashi ɗaya cikin biyar, saura lita 56,000.

Ga ɗalibai kuwa, masu karatun injiniya, irin waɗanda ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, su koyi bayyana aikinsu ga mai unguwa da limami da uwargida. Ku kuma masu nazarin Hausa, ga aiki yana jiran ku: a tattara kalmomin masu haƙar rijiya tun kafin tsofaffinsu su ƙare, a kuma rubuta littafin gyaran famfo da Hausa, da boko da ajami, wanda za a iya ajiyewa a zauren kowane mai gari.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙasar 'Yankwashi da maƙwabtanta tana da gajeriyar damina da ƙasa iri biyu, mun bi matakai shida na aikin ruwa, mun kuma ga cewa ilmin haƙa da tacewa yana hannu tun tuni. Ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2015 cewa kafin 2030 kowa zai sami ruwa mai tsabta. A wurinmu, ma'aunin cikar wannan alkawari shi ne yarinyar da ke ƙauyen Gwiwa ko na Roni ta isa aji a kan lokaci, domin famfon unguwarsu yana aiki a watan Afrilu kamar yadda ya yi ranar da aka buɗe shi. Wannan kuwa ba zai samu ba sai mai tsarawa da mai biya da mai sha sun ɗauki famfon a matsayin nasu su duka.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu iya riƙon abin da ya ba mu.